Injin Maganaɗisu Mai Juya Kansa: Daga Ina Wutar Za Ta Fito?

Wata Asabar bayan la'asar ɗan yayata ya shigo shagona a unguwar Aboabo, cikin Kumasi ta ƙasar Ghana, rungume da wilin keke da ya kafa a kan katako. Ya cire taya da tif, ya bi da'irar wilin ya manna ƙananan maganaɗisu da gam, layi biyu, suna farawa a matse da juna suna buɗewa kaɗan-kaɗan kamar bakin almakashi, har su zagayo su haɗu da inda suka faro. Wasu daga tsofaffin lasifika ya ɓamɓaro su, wasu daga matattun kwamfutoci wajen 'yan gwangwan. Wata uku yana tara su. Ya ajiye abin a kan teburin da nake naɗin koyil, wato wayar cikin injin lantarki, ya zaro wani maganaɗisu mai kauri daga aljihu, ya ce, "Kawu, tsaya ka gani."

Ya kawo shi kusa. Wilin ya motsa, ya ɗauki gudu, ya zagayo, ya sake zagayowa. "Ba batir, ba mai, ba waya. In na sa masa altaneta mai ba da wuta, gidanmu ya rabu da sayen wuta."

Ni hannunsa nake kallo. Duk sa'ad da mahaɗar layukan nan ta iso gabansa, sai hannun ya ɗan ja baya kamar faɗin yatsa, ya sake komawa. Shi kansa bai san yana yi ba. Na ce mu ɗaure maganaɗisun a jikin katako da waya, ka janye hannunka. Muka ɗaure. Ya ɗan tura wilin, ya tafi da kyau yana ƙara gudu, sai da ya kusa cika zagaye, ya iso mahaɗar, ya yi turjiya kamar jaki a bakin kwalbati, ya dawo baya, ya yi lilo sau uku ko huɗu, ya tsaya cik. Muka gwada sau goma. Ya kalle ni ya ce, "Saura kaɗan ne, Kawu. Wurin nan kawai zan gyara."

Wannan "saura kaɗan" ɗin ne ya zaunar da ni rubutun nan. Na ji shi a bakin fitoci a Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, na ji shi a bakin 'yan makarantar koyon sana'a, ni ma na faɗe shi lokacin da nake yaron shago, ina raba dare a kan faifan katako da maganaɗisun lasifika. Kuma ba wauta ce ke kai mutum nan ba. Wanda ya ga dumso, wato yawan ɗauke wutar da aka sha a Ghana tsakanin 2012 da 2016, musamman 2015 da jadawalin ya kai awa 24 babu wuta, awa 12 akwai, ya san abin da duhu ke ci. Tela ya karɓi ɗinkin sallah ya zauna yana kallon keke. Mai firiza ta zubar da kifi. Mai aski ya zuba wa janareta fetur ɗin da ya fi cinikin ranar. Ga kuma yaron da ya tashi yana ganin mastoci a Suame Magazine suna tayar da injin da aka fid da rai da shi, suna ƙera abin da babu a kasuwa da guduma da wutar walda. In ya ga bidiyo a WhatsApp ko TikTok, fanka na juyawa da maganaɗisu huɗu, fitila na ci, me zai hana shi cewa ni ma zan iya? Wanda ya san dalilin da ya sa abin ba ya yi, bai kyauta ba in ya tsaya ga dariya, ko ga cewa "ba ya yiwuwa" ya juya baya.

Ruɗanin daga kalma ɗaya ya faro. Muna cewa maganaɗisu yana da ƙarfi, kuma gaskiya ne. Na neodimiyam, mai ƙyallin nan da aka fara ƙerawa a farkon shekarun 1980 a Japan da Amurka, in biyu masu girman akwatin ashana suka kama maka fatar yatsa sai ka ga jini. Amma ƙarfi daban, makamashi daban. Ƙusar da aka kafa a bango tana riƙe da jaka shekara goma, ba ta ci, ba ta sha, ba ta gaji. Ce mata ta ɗaga jakar taki ɗaya ka gani. Yarinyar da ke ɗaukar kaya a kasuwar Kejetia kuwa, in ta hau bene da buhu a ka, dole ta ci wake da shinkafa, domin ta sa ƙarfi kuma kayan ya yi tafiya. Haka masana kimiyya ke auna aiki, ƙarfi a ninka da tazarar da abu ya motsa, makamashi kuma shi ne abin da ake biyan aikin da shi. Maganaɗisun da ke manne a ƙofar firij ɗan'uwan ƙusar nan ne. Ya daɗe a wurin ne saboda babu abin da yake kashewa.

Za a ce ai yana motsa abu, ajiye ƙusa kusa da shi ka ga ta yi tsalle. Haka ne, ya yi aiki, sau ɗaya. To ɓamɓare ƙusar ka mayar da ita inda take. Abin da hannunka zai kashe wajen raba su shi ne daidai abin da maganaɗisun ya bayar wajen haɗa su. Guga ma da kansa yake gangara rijiya, fitowar ce ke neman damtse. Shi kuwa wili dole ya komo. Kowane maganaɗisu da ke jikinsa sai ya dawo daidai inda ya tashi kafin a ce an yi zagaye ɗaya, kuma in ka tara duk jan da aka yi masa gaba da duk riƙon da aka yi masa baya, lissafin sifili ne, ko yaya ka jera su. Jerin bakin almakashin nan dabara ce mai kyau: ta shimfiɗa gangaren a kan kusan duk da'irar, shi ya sa wilin ke ƙara gudu a hankali, ta kuma tattara hawan gaba ɗaya a mahaɗa. Abin da aka ci a digiri 350, a digiri 10 na ƙarshe ake biyansa. Hannun yaron da ke ja baya shi ke biyan bashin, wato tuwon da ya ci da rana ne ke juya wilin.

Mun san mai susu. Kullum ka ba shi sidi goma, ƙarshen wata ya dawo maka da kuɗinka, ya cire na kwana ɗaya ladan aikinsa. Maganaɗisu haka yake, ajiya yake karɓa ya mayar, kuma sai kana da sana'ar da ke kawo kuɗin zubi. Ladan da ake cirewa a nan na boris ne da ke gogayya, da iskar da wilin ke tsagawa, da ɗumin da ke tashi a duk ƙarfen da ke kusa. Tura wilin babu maganaɗisu ka ƙirga zagayensa, sannan ka jera masa su ka tura da ƙarfi iri ɗaya. Na biyun ba zai fi na farkon ba, galibi ma kasawa yake.

Kusan duk zanen da ke yawo a intanet ƙoƙari ne na tsallake mahaɗar nan, kuma na gwada da yawa daga ciki. Wani zai ce a sa garkuwa, farantin ƙarfe da zai tare jan a daidai wurin. Ƙarfe ba ya yanke jan maganaɗisu yadda bango ke tare haske, karkatar da shi yake, kuma yana iya haka ne saboda shi ma ana jan sa, sai garkuwar ta zama sabon wurin maƙalewa. Wani zai sa ɗan hannu na ƙarfe da wilin zai riƙa bugawa ya ɗaga maganaɗisun waje a kan lokaci. To ɗagawar daga gudun wilin ake cire ta, daidai da abin da ake gudun biya. Wani ya karkata su, wani ya sayo manya masu tsada, alhali babban maganaɗisu gangare ne mai zurfi da hawa mai tsawo. Na ƙarshe shi ne mai sa koyil a mahaɗar ya riƙa ba shi ɗan bugun wuta daga batir duk zagaye. Wannan kam yana juyawa, kwana da kwanaki ma, domin wilin da ba ya jan kaya abin da yake buƙata kaɗan ne ƙwarai. Sai dai ya zama moto mai batir, irin na cikin fankar kwamfuta.

Akwai masu cewa ko da maganaɗisun zai ƙare a hankali, ai an sha wuta kafin ya ƙare. Tambaya ce mai ma'ana, lissafi kuma ke amsa ta. A masana'anta da bugun wuta mai ƙarfi ake ɗura wa maganaɗisu halinsa, wani ɗan abu kuma yana zama a ajiye. Kilo guda na neodimiyam mai daraja, wanda ake wa lamba N52, abin da ke ajiye a jansa bai wuce jul 100 da 'yan kai ba. Jul ma'aunin makamashi ne: ƙwan LED mai wat 10 yana shan jul 10 kowace daƙiƙa. Wato ko ka tatse kilon nan kaf har ya zama mataccen ƙarfe, fitilar kamar daƙiƙa 10 za ta ci. Batirin babbar waya yana ɗauke da jul 50,000 ko fiye. Yunit ɗaya a mitar gida jul miliyan 3.6 ne, litar fetur kuwa ta haura miliyan 30.

Mu ƙaddara ma an sami wilin da ba ya tsayawa, boris babu gogayya, iska ba ta taɓa shi. Abin kallo aka samu, har yanzu babu wuta. Wuta tana fitowa ne in maganaɗisu ya gilma ta gaban naɗin waya, abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831. Bayan shekara uku Heinrich Lenz ya ƙarasa maganar: da zarar wuta ta fara gudu a wayar, ita ma wayar ta zama maganaɗisu, kuma kullum tana turje wa motsin da ya haife ta. Kowa ya san wannan da kunnensa. Janareta na ruri lafiya lau, wani ya jona dutsen guga, sai ka ji muryar injin ta faɗi, ya yi nishi, ya ƙara zuƙar mai. Ba wanda ya taɓa shi, wayar ce ta riƙe shi daga ciki. A shago ina nuna wa yara da guntun bututun jan ƙarfe na na'urar sanyaya ɗaki. Maganaɗisu ba ya kama jan ƙarfe, amma jefa shi ta cikin bututun, sai ya riƙa sauka a hankali kamar a cikin zuma, alhali noti mai nauyinsa ya daɗe da faɗuwa ƙasa. Duk wat ɗin da ka zara daga janareta birki ne ka taka wa abin da ke juya shi.

Babbar shaida tana ƙasarmu. Madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 injinanta shida ne, suna iya ba da megawat 1,020, kuma a cikin kowanne akwai maganaɗisun lantarki da ya fi duk abin da za mu iya tarawa a Kumasi. Amma da ruwan tafkin Bolta ya ja baya a 1983 da 1998 da 2007, rabon wuta aka shiga. Maganaɗisun yana nan, wayar tana nan. Ruwan da ke faɗowa ne ya ragu, ruwan nan kuma rana ce ta ɗauko shi daga teku ta zuba a kan tudu.

Wilin yara ba ya damuna sosai, ko ba komai ana koyon aiki. Abin da ke ci mini rai shi ne wanda ake sayarwa da sunan "janareta mara mai". Wani mai aski daga Asawase ya kawo mini nasa a bayan aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, kwana uku da saye, kuɗin da ya tara don ƙara kujera a shago ya zuba a ciki. Akwatin ƙarfe ne ya sha fenti. Na kwance: batir mai bolt 12, amf-awa 100, da inbata mai mayar da wutar batir irin ta gida, da moto, da bel, da faifan ƙarfe mai nauyi, da altanetar mota, sai wayar da ta dawo daga altaneta zuwa batir. An ce masa batir na juya moto, moto na juya altaneta, altaneta na cajin batir har da ragowar da gida zai sha. Ranar gwaji aka kunna masa fitila biyu da fanka da talabijin na rabin awa, ya ga komai na tafiya, ya biya.

Mu bi wutar hannu zuwa hannu. Batir ya ba moto 100. Moto mai kyau zai mayar da kamar 80 juyi, sauran ya zama zafi, taɓa jikinsa ka ji. Bel ya ci nasa. Altanetar mota ba don tattali aka yi ta ba, rabi da ɗan kai take mayarwa. Abin da ya komo batir bai kai 50 ba, tun ba a kunna ko fitila ɗaya ba. Batirin kuwa a takarda wat-awa 1,200 yake ɗauka, kayan gwajin duka ba su fi wat 150 ba, saboda haka rabin awa ba ta isa ta tona komai ba. Da ya jona inbatarsa kai tsaye a batir ya yar da sauran, da wutarsa ta fi daɗewa. Moto da altaneta da faifan nan cin batir kawai suke da ƙara, ƙarar kuma ita ke sa mai saye ya ji kamar ana ƙera wuta. Da ya kira wanda ya sayar masa, aka ce ya riƙa "taimaka" wa batirin da wutar gida lokaci-lokaci. Da ƙyar na iya kallon idonsa sa'ad da nake gaya masa batir da inbata kaɗai zai tsira da su.

Ba kowane mai wannan da'awa ne maƙaryaci ba. Da yawa mitarsu ce ta ruɗe su. Bolt kamar tsayin tankin ruwa ne, amf kuma yawan ruwan da ke fita a famfo; sai an ninka biyun, an kuma ninka da lokaci, sannan a san abin da aka samu. Koyil ɗin da aka katse wa wuta farat ɗaya yakan yi tartsatsin ɗaruruwan bolt na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ƙaramar mitar kasuwa kuwa don wutar batir aka yi ta ko wutar gida mai bugu 50 a daƙiƙa, in ta haɗu da tartsatsi lambar da ta ga dama take nunawa. Batirin mota ma yana da halinsa: sauke masa kaya ka bar shi ya huta, bolt ɗinsa ya ɗan tashi da kansa. Mutum ya ga 12.4 da safe, 12.6 da yamma, ya rantse injinsa na caji. Na bidiyo kuwa ba sai an daɗe a kai ba. Ƙaramin batir na shiga gindin ƙwan fitila ko cikin katako, iska na zuwa daga bututun da kyamara ba ta nuna ba, hoton kuma ana yankawa a haɗa.

Maganar ta girme mu duka. A 1269 wani Bafaranshe, Petrus Peregrinus, ya rubuta wasiƙa a kan dutsen maganaɗisu, ya bayyana kawunansa biyu, na arewa da na kudu, da kyau, a ƙarshe ya zana wili mai haƙoran ƙarfe da yake zaton dutsen zai juya har abada. A 1775 majalisar masana kimiyya ta Faransa ta ce ba za ta ƙara duba irin waɗannan injina ba. Dokar da ke cewa makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba ya kuma ɓacewa, sai dai ya sauya kama, sai a shekarun 1840 Mayer da Joule da Helmholtz suka tsara ta. A lura da wanda ya riga wani: ɗaruruwan shekaru na gwajin da ya ƙi yi ne suka zo kafin dokar. A 1813 a Niyok, Charles Redheffer na karɓar kuɗin kallo a kan injinsa, sai injiniya Robert Fulton ya ji sautin juyin na hawa na sauka kamar na abin da hannu ke murzawa. Ya ɓalle katakon da ke jikin bango, sai ga siririyar igiya ta bi ta ciki har wani ɗaki a sama, inda wani dattijo ke zaune yana juya mariƙi.

Na zamaninmu ba su canza zani ba. Howard Johnson ya sami takardar mallakar fasaha a Amurka a 1979 a kan injin maganaɗisu, har yau ana ɗaga ta a matsayin hujja, alhali takardar ba shaidar an gwada abu ya yi aiki ba ce. Kamfanin Steorn na Dablin ya sayi shafi a mujallar The Economist a 2006 yana ƙalubalantar masana. Nunin da ya shirya a Landan a 2007 ya rushe, aka ɗora wa zafin fitilu laifi, a 2009 kuma kwamitin masanan da kamfanin da kansa ya tara ya ce bai ga an samar da makamashi ba. Michael Brady mai injin Perendev ya karɓi kuɗin mutane a Turai, ya ƙare a gidan yari a Jamus kan zamba.

Amsar da aka fi ba ni a majalisar shayi ita ce manyan kamfanonin mai ne suka danne. Ban ce waliyyai ne ba. Amma ƙasar Sin ce ke ƙera mafi yawan maganaɗisun neodimiyam na duniya, ita ce kuma ta fi kowace ƙasa sayen ɗanyen mai daga waje. In da abin yana yi, wa zai hana ta ƙera shi? Kuma abin da zanensa ke yawo a kowace waya, ta yaya aka ɓoye shi? Wani yakan ce, Malam, ai Allah mai iko ne a kan komai. Babu shakka. Shi ne kuma Ya sa wa kowane abu ma'auni, Ya sa girbi a bayan shuka. Al-Jazari, injiniyan Musulmi da ya kammala littafinsa na na'urori a 1206, har yau ana mamakin agogunansa da injinansa na ɗaga ruwa, kuma duk wanda ka duba za ka ga abin da ke ciyar da shi, ko ruwa mai gangara, ko dabba mai zagaye, ko nauyi mai sauka, ko hannun mutum.

Wanda ya ce yana da injin da ke juya kansa, ba gardama nake nema ba, ya kawo mu gwada. In ya yarda a buɗe, a cire duk batir, domin injin da ke ba da fiye da abin da yake ci ba ya buƙatarsa bayan an tayar da shi. In ya ce sirri ne, a ɗora akwatin a sikeli. Batirin litiyam irin wanda ake samu a kasuwa bai wuce wat-awa 300 a kilo ba, don haka akwati mai kilo 20, ko cikinsa batir ne zalla, ba zai wuce wat-awa 6,000 ba, wato yunit 6. A ajiye shi kan tebur a tsakar gida inda ake ganin ƙarƙashinsa, a jona masa butar lantarki a yi ta tafasa ruwa. Ruwa ba ya ruɗewa kamar mita. Lita ɗaya daga digiri 30 zuwa tafasa tana cin jul wajen 290,000, wato yunit 6 lita 70 ne da 'yan kai. Ya tafasa lita 200 a gaban jama'a, ba waya ba mai, ni zan raka shi Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ƙafata. Na sha faɗin wannan sharaɗi, har yau ba wanda ya karɓa.

Maganaɗisu yana da aikin da ya iya, kuma nan nake so himmar yaranmu ta koma. Fankar sama ta zamani mai maganaɗisu a ciki tana ba da iska da wat 30 ko kusa da haka, inda tsohuwar ke cin 70 zuwa 75. Asara ya rage, ragin kuma ana ganinsa a mita. William Kamkwamba na Malawi yana ɗan shekara 14 ya haɗa injin iska da tarkacen keke da fankar tarakta ya kunna fitilun gidansu, domin ya fara neman abin da zai juya masa shi. Rana tsaka in gari ya washe tana zuba kusan wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, farantin sola mai kyau na kama kamar kashi ɗaya cikin biyar, kuma tana sauka a kan kwanon kowane gida a Zango.

Ɗan yayata ya yi fushi da ni, mako biyu bai leƙo shago ba. Da ya dawo muka ɓamɓare maganaɗisun daga wilin, muka zaɓi goma sha biyu masu girma ɗaya, muka jera su a kan faifan birkin mota, ɗaya arewa ɗaya kudu. Ya naɗa koyil tara da wayar da muka warware daga matattun fankoki, muka sa wa abin mariƙi da sarƙar keke. Da babu komai a jone, da yatsa biyu yake juya shi. Na ce ci gaba, na taɓa wayar ƙwan sigina na mota mai wat 21. Ƙwan ya kama, mariƙin ya yi nauyi nan take kamar an zuba masa yashi. Na cire, ya saki. Na mayar, ya riƙe. "Kawu, sake," ya ce. Na sake, har sau biyar, yana kallon ƙwan yana kallon damtsensa. Bai cika minti uku ba ya canza hannu.

Yanzu yana da littafi da ya ja wa layi uku, bolt da amf da abin da suka bayar in an ninka. Asabar ɗin da ta wuce ya rubuta 12 da 1.5, ya sa 18 a gaba. Ya tambaye ni ko iskar Kumasi za ta iya juya shi, na ce ba ta cika ƙarfi ba, ta bakin teku wajen Ada ta fi. Ya ce to bari ya fara auna ta kan benen maƙwabta tukuna, yana neman kofunan roba uku da tsohon boris.